Abin da Hoton Ya Nuna

Kwana tara ke nan Baba bai ce wa Auta uffan ba. Al'adarta ta ɗauke wata huɗu, cikinta ya tasa, gwajin fitsari kuma ya nuna juna biyu ne. Shekarunta goma sha biyar. Ta yi ta rantsuwa cewa namiji bai taɓa ta ba, har muryarta ta dishe, ta daina.

Yanzu tana zaune a ofishin likita tsakanin iyayenta, ta ƙura wa takalminta ido.

Likita ta juyo musu da hoton. "Babu jariri a nan. Ƙari ne a ƙwan mahaifarta, irin wanda ba a cika gani ba. Shi ke fitar da sinadarin da ya ruɗi gwajin. Ina tsoron ciwon daji ne. Sai an yi mata aiki cikin makon nan."

Mama ta dafe ƙirji. Auta ta ɗago ta dubi Baba, tana jiran ya nemi gafararta.

Baba ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Likita, don Allah ki rubuta mana a takarda, in nuna wa maƙwabta."