Sa Hannun Farfesa

Ranar Talata, sha huɗu ga Agusta, gari ya waye da yayyafi. Farfesa ya shiga zauren lacca, ya hangi masu ɗaukar hoto, ya zare tabarau ya jefa aljihu. An taɓa ce masa yana tsufar da shi.

Ya daɗe yana koyar da tarihin dokar ciniki, kuma darasin da ya fi riƙewa a ciki shi ne kada mutum ya sa hannu. Tun rasuwar ƙanensa, matar marigayin take aike ya rattaba hannu a mayar wa marayu da hannun jarin ubansu, wanda aka rubuta da sunansa a matsayin babban wa. Amsarsa ba ta canzawa: ana nazari. Gidan ma bai sake takawa ba.

Ya hau bayani. Yadda fatake suka gaji da 'yan fashi suka bar ɗaukar zinariya suka koma takarda, yadda layi ɗaya a bayanta ke raba mutum da dukiya ya miƙa wa wani. Tafi ya tashi, kansa ya kumbura.

Wata matashiya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Baba, ban gane ba."

"Farfesa," ya gyara mata.

"Farfesa. Ga wata tsohuwar takarda daga akwatin kakana. A ina daidai ake sa hannun?"

"Kawo nan, 'yar nan. Yaran zamani, sai an tauna an ba ku a baki!"

Ya karɓa, haruffan suka yi masa dishi-dishi. Aljihu na kusa, amma kyamara ta fi kusa. Ya juya bayanta ya zuba sa hannu mai doguwar wutsiya, ya ƙara kwanan wata, har ya kira shugaban sashe da magatakarda suka sa nasu, don ɗalibai su ga aikin shaidu.

Bayan taro ya tarar da ita a bakin ƙofa ta sa takardar a ambulan, tana kare ta daga ruwa. Ya rage mata hanya zuwa gidan waya, yana lissafo mata lambobin yabonsa. Don kada ta jiƙe, shi da kansa ya fita ya jefa wasiƙar a akwati.

"Ki gaida mutanen gida."

"Za su ji, Baba."

Wasiƙar ta nufi ofishin lauyan uwarta, matar marigayin, ɗauke da takardar hannun jarin marayu. Rabon Farfesa da ganin 'yar ƙanen nasa tun tana rarrafe.