Ƙoƙon Mutanen Tsibiri

Sau uku Filona tana ajiye ƙoƙon baƙin a kan dakali, sau uku yana kifewa. Na dutse ne, dogo, mai tsini a ƙasa kamar ƙahon bijimi.

"Abin da bai iya zama da gindinsa ba, shi ne kayan wayewa?" ta ce da Wodiya, ƙanwar mijinta. "Ko dai ni ce jakar?"

"Ke ce, Yaya," in ji Wodiya.

A gaskiya ba ita kaɗai ba ce. A shekarun nan duk mu mutanen Tirins mun haukace a kan kayan tsibirin Karita. Mun tura tukwanenmu masu launin toka bayan ɗaki, muna shan ruwa a kofuna masu zanen furannin da ba mu san sunansu ba. Mazan da ba su taɓa jiƙa gwiwa a teku ba, ba su da hira sai ta iska da igiyar ruwa. Dalilin a fili yake. Duk gidan da ɗansa ya riƙe mashi a jirgin 'yan tsibiri, takobin tagulla ke shigowa cikinsa, wani har da zinariyar da za a binne tsohonsa da ita.

Yanzu abin ya zo kan Kerowo, ɗanta tilo, mai shekara ashirin da biyu. Aranare mai jirgi ya duba ƙirjinsa da damtsensa, ya ce ya yi. Saura a tambayi teku gobe da hantsi. Al'adar 'yan tsibiri ce ƙoƙon tambayar ya kwana a gidan mai tafiya don ya san shi. Dunyo, maigidan, ya fita da ɗan gayyato dangi, bayan ya ja mata kunne: "Filona, wannan karon kar ki ba mu kunya."

Yana da hujja. Ita ce ta taɓa zuba wa baƙi man turaren tsibiri a miya. Ba ta cin kifi, ba ta zuwa bakin ruwa. Tana 'yar shekara tara mahaifin Dunyo ya karɓo ta a hannun fatake, ba uwa ba uba, ko magana ba ta yi. Kowa ya ɗauka daga cikin duwatsu ta fito, inda awaki suka fi mutane wayo.

Kwana uku ke nan abinci bai wuce maƙogwaronta ba saboda jirgin nan.

Ta sake ɗaukar ƙoƙon, yatsanta ya tafi ƙarƙashin tsinin da kansa. Ta shafa wurin. Sai ta saki ihu.

"Wayyo ni, Wodiya! Na huda kayan mutane!"

Wodiya ta leƙa. Huda ce ƙarama, zagayayya, sumul, daidai wucewar ƙwayar sha'ir.

"Faɗuwa uku fa, Yaya. Yau Yaya Dunyo zai jefa ki rijiya."

Filona ta narka kakin zuma, ta gauraya da baƙin tukunya har ya yi launin dutsen. Da allurar ƙashi ta tura shi ta ciki, ta danne, ta bar bakin hudar ta waje yadda yake.

"Ba za ki shafe wajen ba?"

"Wa zai leƙa gindin ƙoƙo? Ke dai ki kama bakinki."

Da hantsi gari ya cika bakin teku. Filona ta tsaya can baya wajen itatuwan ɓaure, hannu a ka. Aranare ya shiga ruwa zuwa gwiwa, Kerowo na gefensa da sabon mashi. Mai jirgin ya toshe tsinin ƙoƙon da yatsa, aka cika masa da ruwan inabi. Ya ɗaga sama, ya kira sunan Kerowo, ya janye yatsan.

Ko ɗigo.

Ya girgiza ƙoƙon. Shiru. 'Yan tsibirin suka fara ja da baya daga jikin Kerowo.

"Wanda teku ta ƙi sha dominsa, shi take son sha," in ji Aranare. "Ba zai taka jirgina ba, ba zai taka na kowa ba."

Bakin Wodiya bai kamu ba. Kafin a ankara ta zayyana komai, Filona kuma ta zube tana kuka, tana zagin kanta. Aranare ya soka tsinke, kakin ya faɗo, ruwan inabi ya tsiyaye masa har gwiwar hannu. Dariya ta ɓarke, har da masu birgima a yashi. Dunyo ya roƙa a sake.

"Ba a tambayar teku sau biyu," in ji mai jirgin.

"Inna, kin kashe ni," Kerowo ya ce.

"Na sani, ɗana. Jaka ce ta haife ka."

Ranar ta cinye akushi biyu.

Yau Kerowo na kula da zaitun, 'ya'yansa uku, gidan ba takobin tagulla. A Tirins kuwa, duk wanda ya gyara abin da bai ɓaci ba, sai a ce ya yi gyaran Filona. Ita ma takan taya mu dariya, har ta fi kowa ƙarfi, don ta san ba a zargin jaka. Amfanin hudar nan ba wanda zai koya mata: a Karita, kafin teku ta cinye ubanta da yayyenta uku a rana ɗaya, ita ce ke riƙe wa uban irin ƙoƙon nan yana hudawa.