Tawadar Banki a Yatsan Baba

Zamanin da kuɗin mai suka cika gari, Baba ya tafi da ni sabon banki zai buɗe ajiya. Fataucin fata yake yi a Ƙofar Guga, kuma mutum ne da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa.

Akawun, wani saurayi mai kwat ɗan unguwarmu, ya turo takarda ko gaisuwa babu. Baba ya sa hannu da ajami, a tsanake.

Akawu ya duba ya taɓe baki. "Alhaji, wanga ba rubutu ba ne. Wanda bai yi makaranta ba dangwalawa yake yi."

Ya kamo babban yatsan Baba ya danna a tawada, ya manna a takardar. 

Da la'asar ni na zuba masa ruwan alwala. Ya goge yatsan da ƙasa, ya sake gogewa, shuɗin ya ƙi fita. Haka ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Bara aka ce mini akawun nan ya rasu. Gidansu na bayan namu. Ban je gaisuwa ba.