Babbar Riga a Ƙarƙashin Zoɓo

Ka taɓa kallon gajimare ta tagar jirgin sama da almuru, ka ga sun yi jajawur kamar an baza zoɓo a shanya? To, haka wani babban jami'in ma'aikatar ciniki yake ganinsu duk tafiya. Ya tsufa a zaurukan taro na ƙasashen sanyi yana fafutukar abu guda: a sassauta harajin da ke tare zoɓon ƙasarsa a bakin teku. In ya lumshe ido a jirgi, sai ya ga gonar yayarsa, wadda da zoɓon nan ta riƙe shi har ya yi karatu. Ya ga jan furen yana tashi kamar tsuntsaye, yana ƙetare ruwa, yana sauka cikin kofunan mutanen da ba su san sunan ƙauyensu ba. Ya ma yi mata alkawari: zoɓonta sai ya sha iskar teku.

Ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar sassauta harajin, aka yi ta tafi. Jirgin ruwa ya tashi da buhunan zoɓo, amma ya dawo da su yadda ya tafi, wai an sami yashi da gashin akuya a ciki. Jami'in ya nufi ƙauyensu. Tun daga bakin ƙauye ya hango jan zoɓo shimfiɗe a gefen kwalta, motoci na bulbula masa ƙura, awaki na ratsawa, yayarsa na juyawa da tsintsiya yadda mahaifiyarsu take yi. Ta ɗago tana dariya, ta ce, «Auta, ya mutanen bayan teku? Sun ce da tsami?» Sai ya tuɓe babbar rigarsa, wadda ta zaga duniya, ya shimfiɗa a ƙasa, ya durƙusa yana kwashe zoɓon da hannu biyu yana zubawa a kai. Kafin kaka ta zagayo, ya sa an gina dandamalin shanya a bayan gari.

Gaskiyar Bahaushe: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Don haka ɗan'uwa, mu da muka fito da kwalin digiri da buhun mafarki, don Allah kafin ka nemi kujerar taro, je ka tsuguna inda ake shanya kayan garinku, ka duba me ke ƙarƙashinsu.