Sabulun Aski a Gwiwar Bututu

Ruwan ya sake tsayawa a kwamin wanke fuska, fari fat, ya ƙi wucewa. Karo na biyar ke nan cikin wata huɗu. Matar ta dube shi, ta goge hannu da gefen zani, ta jira sai da telan da ke ƙasan benen ya rufe shago ya tafi cin abincin rana, sannan ta kira mai gyaran famfo.

Kafin ya iso ta share falo, ta ɗora ruwan shayi, ta gyara zaman takalman da ke bakin ƙofa, manya, baƙaƙe, sun sha mai.

Ya hau benen yana haki da jakar kayan aiki. Baƙo ne a garin, bai cika shekara ba, bai san kowa a unguwar ba sai bututun gidajensu. Akwai tsohon mai gyara a bakin layi, wanda ya san gidan tun ana gininsa, amma ba shi take kira ba.

"Mama, ya kuma?"

"Ya kuma. Aikinka ne ba ya ƙarko."

"Aikina lafiya lau. Gemun maigida ne ba ya hutu."

Ya durƙusa, ya tara bokiti, ya sa sifana ya kwance gwiwar bututun. Curin sabulu ya faɗo, daskararre kamar kitse, ƙamshinsa ya cika banɗakin. Ya sake yi mata bayanin da ya saba: sabulun aski mai maiƙo ne, idan ya haɗu da ruwan sanyi sai ya kama bututu, a gaya wa maigida ya riƙa bin sa da ruwan zafi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyaɗa kai, ta ce ya maimaita a hankali don kada ta manta abin da za ta faɗa masa.

Sai ciniki. Ita dai ko allura ba ta taɓa saya a farashin farko ba. Ya faɗi nasa, ta yi dariya, ta ce ko zinare ya zuba a bututun. Suka yi ta ja har shayi ya huce. Ya tafi da abin da ta ga dama.

Washegari ejan ɗin gidan, mai karɓar kuɗin haya, ya hau, bai ko zauna ba. Duk sanda ruwa ya tsaya mata, tsohon haɗin bututun da ke cikin bango tsiyaya yake yi, kuma wannan karon ya ɗiga a kan yadin mutane a shagon tela. Ya ce idan ya sake toshewa, ta nemi wani wuri ƙarshen wata.

Shekara talatin da ɗaya tana cikin ɗakunan nan biyu. Ta san matakalar da ke ƙara, ta san inda rana take tsayawa a bango da la'asar.

'Yarta ta bugo waya, ta ce ai ma gwara, ta dawo wurinsu, akwai ɗaki. Ta ce mata ba ta kai ga raɓewa a gidan suruki ba tukuna, ta kashe wayar.

Kwana goma sha tara ruwa yana wucewa salin alin. Kwana goma sha tara ba wanda ya tako matakalar. Idan ta sauka sayen gishiri, maƙwabta sai su karkatar da kai su gaishe ta da wannan sanyin murya da ta tsana. Ta amsa a taƙaice, ta wuce kai a sama.

A kwana na ashirin ruwan ya tsaya.

Mai famfo ya zo ba wasa a fuskarsa, don ejan ya riga ya faɗa masa sharaɗin. Ya kwance gwiwar, curin ya faɗo. Bai zubar ba. Ya gutsuro kaɗan, ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga wajen hasken taga.

"Mama, shekara ashirin ina wannan aiki. Sabulun aski da gashi yake fitowa. Wannan ko ƙwaya ɗaya babu."

"Gyara ka zo yi ko bincike?"

"Korar ku za a yi fa. Yaushe maigida yake dawowa? Ni zan yi masa magana da kaina."

"Ba ya son surutu."

Ya ɗaure bututun, ya kunna famfo, ruwa ya wuce. Ya faɗi kuɗinsa. Ta miƙa masa daidai, ba ta nemi ragi ba, shayin ma bai taɓa ba. Daga ƙasa suka ji tela ya dawo, ya buɗe shago, ya tarar da yadi a jiƙe, ya ɗaga murya yana salati.

Mai famfo ya rataya jaka ya nufi ƙofa ba ko sallama. Har ya taka matakala ta biyu ta kira shi.

"Kai. Haka ake fita daga gidan mutane?"

Ya juyo, kunya ta kama shi. "Yi haƙuri, Mama. Na bar ki lafiya. A gaida maigida."

"Zai ji," in ji ta.

Ta rufe ƙofar a hankali, ta daɗe a jingine da ita. Sannan ta shiga banɗaki ta buɗe gwangwanin sabulun. Abin da ya rage bai fi cokali biyu ba, amma zai isa toshewa ɗaya kafin ƙarshen wata. Shekara biyu ke nan da binne mijinta, kuma duk faɗin garin nan mai famfo kaɗai ya rage da bai ji ba.