Baƙuwar Gidan Sabohat

Sabohat ta sake tarar da gishiri a inda ba ta ajiye shi ba. Ta mayar da shi wurinsa, ta yi ƙwafa, ta leƙa tsakar gida ko 'yarta Zebo na kallonta.

Da can maƙwabta take zargi. Daga baya ta koma kan aljanu, tunda su ba sa musu. Sai bara, tana dab da shekara sittin, wani likita a Tashkent ya cire tabarau ya gaya mata cewa mutum biyu ne a jikinta, kuma idan ɗayar ta fito, ita ba ta sanin abin da ake ciki. Ta sha kuka a jirgin ƙasa har garinsu Margilan, ta sauka idonta a bushe. To, ashe baƙuwa ce ta shigo ba sallama. Za a nuna mata ƙofa.

Matar ba ta da ta-ido. Ta sauya wa tukwane wuri, ta ɗaura kallabin da Sabohat ba za ta ɗaura ko a mafarki ba, ta zabga karas a shinkafa kamar daga gonar ubanta yake. Har tsoffin shekaru ta kwashe mata. Sabohat ta laluba kanta neman ranar aurenta, babu. Naƙudar Zebo, babu. Muryar marigayi mijinta ma babu. Ɓarauniya ce ta ƙarshe.

Amma Zebo ta fi ci mata rai. Duk sanda ta ce a koma a karɓo maganin da zai fitar da matar, sai Zebo ta tuna tana da wanki. Likitan ma ya ce ba korar kowa ake yi ba, zama tare ake koya, amma likitan yaro ne, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Wani lokacin Sabohat takan dawo hayyacinta ta ga Zebo na share hawayen dariya, ba ta san da wa aka yi hirar ba. Kuma yaushe rabon yarinyar nan da ta ce mata Mama?

Ran Alhamis da hantsi Zebo ta zaunar da ita a shimfiɗar da ta fi nesa da ƙofa, ta tsiyaya shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, ta miƙa da dama, hagu a ƙirji. Haka ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe, kaɗan-kaɗan ana ƙara masa. Wanda aka cika wa kofi, ya sha ya kama gabansa. Sabohat ta daɗe tana shan irin wannan shayin. Yau ta lura.

"Ke! A gidana kike zuba mini shayin baƙi?"

"Ki sha kafin ya huce," in ji Zebo.

"Kun haɗa baki da waccan ko? Me ta ba ki? Gobe sai Tashkent. Ko ni ko ita."

Zebo ta ajiye butar a hankali. "Ba wadda za a kora. Ita ma ta ce kada a taɓa ki. Ta ce ba don ke ba, da ba ta kawo yau ba."

"Ita ta ce! Baƙuwa ce za ta yi mini alfarma a gidan mijina?"

Zebo ta kamo hannunta ta riƙe da hannu biyu.

"Ba ki taɓa ganin Baba da rai ba. Ranar da aka binne shi Mama ta faɗi, ke kika tashi a jikinta."