Waya a Kan Mota

Wayar wutar lantarki ta tsinke ta faɗo kan motar Zakiyyu, sai tartsatsi. Ya taka birki.

Yana kan wata ɓarauniyar hanya a bayan Kongolam da ke bakin iyaka, motar cike da shinkafar fasa-ƙwauri. Ya san in ya sa ƙafa a ƙasa, ƙila ajalinsa ke nan. In ya nemi agaji kuma, asirinsa ya tonu, don da Alƙur'ani ya rantse wa matarsa Murja cewa ya bar wannan sana'a.

Rana ta take, motar ta zama tanda. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya kai hannu ga ƙofa, ya janye. Ya yi ta salati.

Can wayarsa ta yi ƙara. Murja ce.

"Baban Hussaina, kana ina?"

Ya ce, "Ina Katsina wurin ta'aziyyar nan. Yanzu ma muka idar da azahar."

"Allah ya jiƙan rai," in ji ta. "To kada ka taɓa ƙofar nan sai na ce."

Ya ce, "Wace ƙofa?"

"Ka manta ni ke kan aiki a tashar wuta yau? Na'ura ta naɗi faɗuwar layin, na lissafa nisan, lissafi ya kawo ni nan. Duba madubinka."

Ya duba. Ga ta tsaye da hular kwano, tana ƙare wa buhunan kallo.